Gyatsar shanu da ɗumamar yanayi: abin da ya kamata makiyayan Gulma su sani

Saniya na narka ciyawa ne da taimakon ƙwayoyin halitta da ke cikin tumbinta. A yayin wannan aiki ake samun iskar metan, wadda akasari ke fita ta gyatsa, kuma tana cikin manyan iskokin da ke ɗumama duniya. Fitarta asara ce ga makiyayi, domin tana tafiya da kashi 2 zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfin abincin dabbar.

Fitaccen sinadarin da ake cakuɗawa a abincin shanun tatsa don rage ta shi ne Bovaer, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022. Yana rage iskar da kusan kashi 30 cikin ɗari, amma sai saniya ta riƙa cin sa kullum, tana turke.

Nan gizo ke saƙa a Gulma da ke Ƙaramar Hukumar Argungu, inda shanu ke yawon kiwo, da rani kuma su dogara da karan shinkafar fadamar Rima. Irin wannan abinci yana wuyar narkewa, nono ya yi kaɗan.

Abin da ke hannun makiyayi shi ne harawa, dusa da angurya. Mai da ke cikin angurya yana rage iskar, abinci mai gina jiki kuma yana ƙara nono, ta yadda iskar da ake fitarwa kan kowace ƙwaryar nono za ta ragu.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka ɗauki alkawarin rage metan a duniya kafin 2030.