Soja da Allurar Rigakafi: Me Tarihi Ya Nuna Mana?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Kwanakin baya, bayan La'asar, wani ɗalibinmu na nan New Bell mai neman shiga soja ya same ni, ya ce: "Malam, a rubuta mini takarda cewa addini ya hana ni allurar rigakafi." Wai ya ji labarin Amurka ne, inda aka wajabta wa sojoji allurar korona a 2021, dubbai suka nemi a ɗauke musu saboda addini, aka sallami fiye da 8,000 da suka ƙi, kafin a soke dokar a 2023. Ban rubuta ba, kuma ga dalilina.

Wajen shekara ta 18 bayan Hijira, annobar Amwas ta faɗa wa rundunar Musulmi a Sham. Sayyidina Umar yana kan hanyarsa ta zuwa can, da ya ji labari a Sargh sai ya yi shawara da Sahabbai, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, Umar ya nuna masa cewa kauce wa cuta ma a cikin ƙaddarar Allah yake. Annobar ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, Allah Ya ƙara musu yarda. Da Amru ɗan Asi ya karɓi ragama, ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, cutar ta lafa. Ka ga ke nan shugaban runduna yana da hurumin ba da umarni don tsare rayuka. A bariki kuwa, ɗaki ɗaya ake kwana, tukunya ɗaya ake ci.

Amma fa, 'yan'uwa, tsoron allura yana da tushe. A nan Kamaru, a Yokadouma, cikin Nuwambar 1954, allurar kariya daga ciwon barci ta zamanin Faransawa ta gurɓace, kimanin mutum 30 suka rasu. A Kano, a 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan lokacin sanƙarau, yara 11 cikin 200 da ke gwajin suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa a 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, sai a Yulin 2004 aka koma, da maganin da aka kawo daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, har da tamu, yara suka gurgunce.

Duba damtsen iyayenku, za ku ga tabon lamba. Da ita Allah Ya kawar da agana, aka sanar a 1980. Alhazanmu ma ba sa shiga Saudiyya sai da shaidar allurar sanƙarau, ba mu ji malamin da ya ce Hajjinsu ya ɓaci ba.

Na ce wa yaron: "Ɗana, tambayi likita me ke cikin allurar, haƙƙinka ne. In kana da lalura, shi zai ba ka takarda. Amma haramta abin da Allah bai haramta ba, ba da alƙalamina ba."

Wallahu a'alam.