Yadda Tassa Ta Zo Illela

Ƴan uwa, ku tuna fari na 1973. Dabbobi sun ƙare, rumbuna sun zama wofi. A wannan shekara ƙasashen Sahel suka kafa CILSS. A 1974 aka buɗe AGRHYMET a Yamai, domin auna ruwan sama da koyar da ma'aikata. Aiki ne mai kyau. Amma sanin yawan ruwan da ya sauka daban ne da sanin yadda za ka riƙe shi a gonarka.

Kun san fako. Ƙasa ce mai tauri. In ruwa ya sauka, sai ya gudu. A Illela, cikin jihar Tawa, fako ya yi yawa. An bar shi, ana cewa ya mutu.

Alhali akwai maganinsa a Yatenga, ƙasar Burkina Faso. Wajen 1980, wani manomi mai suna Yakuba Sawadogo ya gyara wata tsohuwar dabara. Su suna ce mata zayi, mu tassa. Tun da rani ake gina rami, faɗinsa kamar santimita 30, zurfinsa kamar 20. A tara ƙasar a gefen gangare. A zuba taki a ciki. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa. Ruwan farko ya kwanta a ramin, ya nutse. Nan ake shuka hatsi ko dawa.

Burkina maƙwabciyarmu ce. Duk da haka kusan shekara goma labarin bai iso ba. Ba wanda ya ɗauko shi.

A 1989, wani aikin raya karkara da FIDA ta ba kuɗi ya kai manoman Illela Yatenga. Ba lacca aka yi musu ba. Gona suka shiga, suka gani, suka yi tambaya. Da suka komo, kaɗan suka gwada.

Damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa. Gonaki da yawa sun ƙone, hatsin tassa kuwa ya yi zangarniya. Maƙwabta suka zo kallo, suka koma suka ɗauki hauya.

Aikin da wuya, kada a ɓoye muku. Eka guda tana cin dubban ramu, cikin zafin rani. Amma ba a jima ba, mutanen Illela suka fara sayen fako da kuɗi.