Na'urar auna girgiza: iyakokin awo

Na'urar auna girgiza wata ƙaramar na'ura ce da ake maƙala wa injinan masana'antu, kamar famfo, fanka da janareta, domin gano lalacewa tun kafin injin ya tsaya. Wadda aka fi amfani da ita ita ce akselaromita mai lu'ulu'un fiyezo, wanda ke fitar da cajin lantarki idan an matsa shi. 'Yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, ne suka gano wannan ɗabi'a a Faransa a shekarar 1880.

Abin da na'urar za ta iya aunawa ya dogara ne da yawan kaɗawar girgizar a daƙiƙa ɗaya, wanda ake lissafawa da Hz. (Wasu kan ce "mita", kamar yadda aka saba a rediyo, amma a nan kalmar za ta rikice da mitar awon tsayi.)

Alaƙar kaɗawa da hanzari

Akselaromita ba tazarar motsi take ji ba, hanzari take ji, wato yadda saurin motsi ke sauyawa. Idan kaɗawa ta ninka sau goma, tazara kuma ba ta sauya ba, hanzari zai ninka sau ɗari. Motsin milimita 1 a kan 1 Hz yana ba da kusan 0.004 g kacal, inda g ke nufin jan ƙasa. Amma motsin da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, a kan 1,000 Hz, yana ba da kusan 4 g.

Iyakar ƙasa

A injin mai juyawa a hankali, misali sau 60 a minti, saƙon yakan yi rauni har ya nutse cikin hayaniyar lantarkin na'urar kanta. Ƙari ga haka, cajin lu'ulu'un yakan zirare, don haka ba ya auna motsin da ya kusa tsayawa. A irin wannan wuri an fi dogara da na'urar auna tazara.

Iyakar sama

Kowace akselaromita tana da kaɗawarta ta kanta, yawanci tsakanin 20,000 zuwa 30,000 Hz. Idan girgizar injin ta kusanci wannan adadi, na'urar takan zuzuta abin da ta ji, shi ya sa ake tsayawa a kusan kashi ɗaya bisa uku nasa. Mai fitar da milibolt 100 a kowane g kuma takan cika a 50 g, daga nan saƙon ya gurɓata.

Yadda aka ɗaura ta ma yana rage iyakar, abin da ake yawan sakaci da shi. Ɗauri da kusa mai zare ya fi kowanne, maganaɗisu na biye, riƙewa da hannu kuwa da ƙyar yake wuce 1,000 Hz. Ƙa'idar ISO 20816 ta fi mayar da hankali ga awon sauri tsakanin 10 da 1,000 Hz.