Takunkumin Harbin, 1911

A watan Disamba na 1910 gwamnatin Sin ta tura Dakta Wu Lien-teh, haifaffen Penang da ya yi karatu a Kambirij, zuwa birnin Harbin, inda wata annoba ke kashe kusan duk wanda ta kama. Likitocin zamanin sun saba ɗora laifin irin wannan cuta a kan ƙumar ɓeraye. Da Wu ya binciki gawa, sai ya gano cewa wannan karon a huhu take zama, kuma ta numfashi take yaɗuwa.

Wannan ganowa ce ta yanke abin da ma'aikaci zai saka. Riga da safar hannu ba sa tare iska; hanci da baki ne ƙofar. Wu ya haɗa takunkumi na auduga da bandeji, mai arhar da kowane ɗan aiki zai samu.

Wani likitan Faransa, Gérald Mesny, ya raina wannan ra'ayi. Ya duba majinyata fuska a buɗe, ya rasu a Janairun 1911. Galibin labarin saɓaninsu daga alƙalamin Wu ya fito, don haka a karanta shi da lura. Mutuwar dai tabbas ce, kuma bayanta aka yi ta neman takunkumin. Annobar ta ci rayuka kimanin 60,000.