Haukan Kare Wanda Ba Ya Zuwa Da Hauka

Jama'a, kowa ya san ciwon haukan kare: mutum ya firgice, ya riƙa dalala, ya ga ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe. To, amma ku sani ciwon nan yana da wata kama dabam, wadda ta taɓa ruɗa likitoci. Ga labarin.

A wani tsibiri da a ke kira Tirinidad, kusa da Amurka ta Kudu, shanu suka kama mutuwa a 1925. Aka zaci guba suka ci a makiyaya. A 1929 sai abin ya faɗa wa mutane. Mutum ya ji zazzaɓi, ƙafa ta yi masa nauyi, sa'an nan shanyewa ta riƙa hawa daga ƙafafu zuwa ƙirji, har numfashi ya tsaya. Ba hauka, ba kuma wanda ya ce kare ya cije shi. Sai aka ce shan inna ne.

Tun 1903 wani likitan Italiya, Adelchi Negri, ya gano waɗansu 'yan ɗige-ɗige cikin ƙwaƙwalwar dabbar da haukan kare ya kashe, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Da aka gwada ƙwaƙwalwar mamatan Tirinidad, sai Likita Pawan da abokin aikinsa Likita Hurst suka tabbatar a 1931 haukan kare ne. Daga baya Pawan ya gane masu kawo shi: waɗansu jemagu ne masu shan jini, su ciji mutum yana barci bai sani ba.

Irin jemagun nan babu su a ƙasarmu. A nan kare ne babban mai ba da ciwon. Amma shanyewar tana nan: cikin masu ciwon biyar, wajen ɗaya haka nasa ya ke zuwa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kare ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Ka tafi asibiti ran nan a fara maka allura, kada ka jira alama. Ciwon yakan kwanta wata 2 ko 3 kafin ya fito, in kuwa ya fito da wuya a tsira. In kun kai marar lafiya wanda gaɓa ta mutu masa, ku gaya wa malamin asibiti kowane cizo, ko da ya daɗe da warkewa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.