Bagzan da Shere: Wane ne Babba?

A makaranta an koya mana cewa dutse ba ya ɓoye shekarunsa. Sabo dogo ne mai tsini kamar Himalaya, tsoho kuwa ruwa da iska sun gama cin sa ya kwanta. Na daɗe da yarda da haka, har sai da na auna maganar da duwatsunmu.

Akwai wani jeri na duwatsu 'yan gida ɗaya da ya taso daga Azbin, ya ratsa Damagaram, ya bi ta Jos har Afu a jihar Nasarawa, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Yawancinsu gindin duwatsu masu aman wuta ne da suka mutu, shi ya sa a taswira sukan fito kamar zobe. J. D. Falconer ya bambanta na Najeriya da tsofaffin duwatsun da ke kewaye da su tun a 1911. Daga jikin duwatsun jerin nan kuzar Jos ta fito.

Da aka auna shekarunsu, sai ga abin mamaki. Na Azbin sun haura miliyan 400, na Damagaram kusan miliyan 300, na Afu wajen miliyan 141. Wato kana gangarawa kudu, suna ƙara ƙuruciya. Amma ƙololuwar Bagzan a Azbin mita 2,022 ce, Shere ta Jos kuwa mita 1,829. Tsohon ya ɗara yaron.

Wannan kam da sauƙi: shekarun dutse daban, shekarun tsayinsa daban. Can daga baya ne ƙasar Azbin ta kumbura ta ɗaga tsofaffin duwatsunta, ga kuma ƙarancin ruwan da zai zaizaye su.

Jerin shekarun ne ya gagara. Wasu masana sun ce akwai murhu guda a can ƙarƙashin ƙasa, nahiyar ce ta yi ta zamewa arewa a kansa, yana huda ta wuri bayan wuri. Bayanin ya burge ni da farko. To amma murhun ba ya huda a jere. Akwai dogon shiru na miliyoyin shekaru tsakanin rukuni da rukuni, kuma a Najeriya duwatsun sun yi layi-layi a karkace. Wasu suka ce a'a, tsofaffin tsagogi ne na shekara miliyan 600 ke sake buɗewa. Wannan ya warware zancen layukan, sai dai bai faɗi dalilin da tsagar arewa za ta riga ta kudu ba.

Shaidar da za ta raba gardamar, wato toka da narkakken dutsen da suka rufe saman duwatsun, ruwa ya kwashe mafi yawanta tun tuni.