Yadda Aka Ƙara wa Tsohon Gidan Gona Sabon Sashe

A ƙauyen Northiam, kudu maso gabashin Ingila, akwai wani gida mai suna Great Dixter. An gina shi wajen shekara ta 1450 da manyan katakai, aka cike tsakaninsu da yaɓe. A tsakiyarsa akwai babban ɗaki mai tsawo har rufi. Da zamani ya shuɗe sai gidan ya koma na manoma, aka raba babban ɗakin gida-gida, aka yi masa bene.

A 1910 wani mai kuɗi, Nathaniel Lloyd, ya saye shi. Gidan ya yi wa iyalinsa kaɗan. Ko ya rushe shi, ko kuwa ya ƙara masa gini. Sai ya kira Edwin Lutyens, gwanin tsara gine-gine, wanda daga baya ya tsara sabon birnin Delhi a Indiya.

Lutyens ya fara da cire benen da bangayen da aka cusa, babban ɗakin ya koma kamar dā. Sa'an nan suka sami wani tsohon gidan katako a ƙauyen Benenden wanda ya kusa faɗuwa. Aka kwance shi, aka sa wa katakan lamba, aka kawo, aka sāke haɗa shi. Sabon sashen kuwa, mai ɗakin girki da ɗakunan kwana, shi ya haɗa tsofaffin biyu. Lutyens bai kwaikwayi katakan ba. Da jan bulo da tayil irin na yankin ya gina shi. Aka gama a 1912. Ko garken shanu ba a rushe ba, an mai da shi lambun furanni.

A 1964 masana suka taru a birnin Banis na Italiya, suka rubuta ƙa'idar kula da gine-ginen tarihi. Suka ce ba a yarda da ƙari ba sai in bai ɓata tsohon ginin da kewayensa ba.

Ɗan Lloyd, wato Christopher, ya zauna a gidan har rasuwarsa a 2006. Da ba a ƙara masa sashen zama ba, da wuya ya tsira, gama gidan da ba kowa a ciki shi ne ruwan sama yake fara cinyewa.